Yadda za ka zaɓi askarka ta farko da fatar gogata in kai sabon shiga ne

Ni dai ba gayu ne ya kai ni ga aska ba, ƙurajen wuya ne. Na daɗe ina fama da rezar nan ta roba mai baki uku, duk ran da na yi aski bayan kwana biyu sai wuyana ya yi rudu-rudu, ga ƙaiƙayi ga zafi in zufa ta taɓa wurin. Wata Juma'a ina zaune ina kallon dattijon wanzamin da ke wa mahaifinmu aski tun muna yara, ya buɗe zabira ya zaro aska ya ɗan goga ta a fata, ya jiƙa kan Baba da ruwa da sabulu, ja ɗaya kawai yake yi wurin ya fita fes ba ya komawa, nan na ce toh ashe matsalata yawan kai da komowa ne a wuri ɗaya. A daren na shiga intanet na yi odar aska mai naɗewa, mai ƙyalli, har da zanen zinare a jiki, da wani ɗan kuɗi da bai taka kara ya karya ba. Da ta iso ko gashin hannu ta ƙi yankewa, na wasa na wasa har na gaji, yanzu haka ana yanka zare da ita a gida. Saboda kar ka bi ta inda na bi ne nake wannan bayanin.

Da farko ka san wace iri kake so

Iri uku ne za ka ci karo da su. Akwai askar wanzamai wadda maƙeranmu ke ƙerawa, tana aiki sosai a hannun wanda ya gaje ta, amma ƙarfenta bai cika riƙe kaifi ba shi ya sa za ka ga wanzami kullum cikin washi yake, yana aski yana gogawa, kai da ba ka iya washi ba wahala kawai za ka sha. Akwai wadda ake kira shabet, ita ce ta shagunan aski, mariƙi ne kawai da ake ɓalla reza biyu a saka rabi, in an gama a yar. Ita ba ruwanta da fata ko dutse kuma araha ce, sai dai ba ta yafiya ko kaɗan, bakin reza siriri ne ba nauyi, hannunka na ɗan karkacewa sai jini. Sai ta ukun, aska mai naɗewa ta ƙarfe ɗaya wadda ake wasawa a yi ta amfani da ita shekaru har ɗa ya gada, ita muke magana a kai.

In kana shakkar ko za ka iya jure abin, sayi shabet tukuna ka yi wata ɗaya da ita kana gyaran saje da gefen gemu, in ka ga hannunka ya zauna kuma ranka na so sai ka zuba kuɗi.

Na biyu, kuma nan ne gaba ɗaya maganar take: kaifi

Mutane da yawa suna ɗauka sabuwar aska daga kamfani a shirye take, a fito da ita daga kwali a ɗora a fuska. Ba haka ba ne sau da yawa, har masu tsadar ma. Kaifin inji daban, kaifin da aka gama da hannu a kan dutse daban. Masu sayarwa suna da kalmar da suke rubutawa, shef redi, wato an wasa ta har ta kai a yi aski da ita nan take, to amma kowa ma rubutawa yake har wanda bai taɓa riƙe dutsen washi ba. Don haka ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: wa ya wasa ta, a kan wane dutse aka gama, an gwada aski da ita? Wanda ya san aikinsa zai ce maka an fara daga dutse mai lamba 1000 (lambar na hawa dutsen na ƙara laushi) don a daidaita bakin, aka bi ta 4000 da 8000, aka ƙare a 12000 ko a dutsen asali irin na Beljiyam ko na Japan. Wanda ya ce maka "ai oga sabuwa ce dal" ka yi masa godiya ka wuce.

Dalilin da ya sa na nace a nan, sabon shiga bai san yadda aska mai kaifi take ji a fuska ba. In ka fara da dakusasshiya za ta riƙa fizgar gashi, kai kuma sai ka ƙara dannawa, dannawar ce ke kawo yanka da ƙuna, ƙarshe ka ce aska ba ta da daɗi ko ni ne ban iya ba, alhali laifin ƙarfen ne. Gara aska mai muni wadda gwani ya wasa da kyakkyawa mai tsada da ba a taɓa ba. Kuma dan Allah kar ka kai ta wurin masu wasa wuƙa da injin nan mai tartsatsi, minti ɗaya ya isa ya ƙone bakin ya cinye ta, ba gyara.

Na uku, faɗi da hanci da ciki

Faɗin aska da inci ake aunawa, kashi takwas, daga gadon baya zuwa baki. Za ka ga an rubuta 4/8, 5/8, 6/8, 7/8 har 8/8. Kai 5/8 za ka nema, kusan milimita 16 kenan, in hannunka babba ne ko gashinka mai kauri ne sosai 6/8 ma ta yi, wajen milimita 19. Ƙasa da haka tana da wuyar daidaitawa a kan fata, tana son mirginawa, sama da haka kuma ƙatuwa ce ba za ta shiga ƙarƙashin hanci da bayan kunne cikin sauƙi ba.

Hancin askar, wato ƙarshenta na gaba, ka ɗauki mai zagayayye. Mai kusurwa tana da kyau wajen fitar da layin gemu, masu shago na sonta, amma wannan tsinin shi ke tsaga kunne da gefen hanci tun kafin ka ankara, hankalinka na kan tsakiyar askar shi kuma yana can yana aikinsa. Bari sai ka kwana biyu.

Cikin askar kuma, in ka kalle ta ta gaba za ka ga wasu an rarake gefensu biyu har bakin ya zama siriri kamar takarda, ita ce ful holo, wasu an rarake rabi, wasu kuma ba rami kusan, kamar gatari, su ake ce wa wej, yawanci tsofaffin askokin Shafil ta Ingila haka suke. Mai rami sosai tana da sauƙin washi kuma tana ƙara in tana yanka, kar kar kar, wannan ƙarar tana koya maka ko kana daidai. Mai rabin rami ta fi tauri, ba ta lanƙwasa a gashi mai ƙarfi, ni a ganina ga irin gashinmu mai murɗewa ita ta fi kwanciyar hankali, amma duk wadda ka samu cikin biyun ka ɗauka. Wej ka bar wa masu tara kayan tarihi, washinta cin lokaci ne.

Ƙarfe iri biyu ne, kabon da sitenles. Kabon ya fi saurin ɗaukar kaifi kuma shi ya fi yawa, aibinsa tsatsa, ka bar ɗigon ruwa a kai ka dawo da yamma ka tarar da tabo. Sitenles ba ya saurin tsatsa amma ya fi taurin kai a dutse. In kana Kano ko Katsina ko Damagaram inda iska a bushe take mafi yawan shekara kabon ba matsala, damina kawai za ka kula. In kana Legas ko Fatakwal ko Akara inda komai ke yin danshi, ko kai mutum ne mai mantuwa, ka duba sitenles. Ƙota kuwa ko ta roba ce ba komai, ba ita ke aski ba, kar ƙaho da katakon alfarma su sa ka ƙara kuɗi.

Na huɗu, ta ina kuma ta wa

Garuruwan da suka yi suna a wannan sana'a sanannu ne: Zolingen a Jamus, Tiyer a Faransa, sai Shafil a Ingila a da. Daga Zolingen akwai Dovo, kamfanin da aka kafa tun 1906, da Böker, daga Faransa akwai Thiers-Issard. Sabuwar ɗaya daga cikinsu ko mafi arahar sai ka ajiye sama da dala 100, ban da kuɗin kawowa da abin da kwastam za su ce, ka lissafa da canjin yau ka ga inda aka dosa. Akwai Gold Dollar ta Chaina mai araha ƙwarai, ƙarfenta yana ɗaukar kaifi ba laifi, amma yadda take fitowa daga masana'anta sai an gyara mata baki da dunduniya, wato ƙarshen bakin na wajen ƙota, saboda haka in za ka saya ka saya wurin wanda ya riga ya gyara ya wasa, ba daga kwali ba.

Hanya ta uku tsohuwar aska ce, ta hannu. Kafin rezar Gillette ta mamaye duniya a farkon ƙarni na 20 yawancin magidanta a Turai da Amurka da aska ake musu aski, an ƙera su da yawan gaske kuma ƙarfensu mai kyau ne, shi ya sa har yau ake samunsu da sauƙin kuɗi. In wanda ya iya ya wanke ya wasa, wallahi ba ta da maraba da sabuwa wajen aiki.

Wadda za ka guje wa ita ce irin tawa: mara sunan maƙeri a wuyanta, mai zane-zane da ƙyalli, mai ruwan ƙarfe kamar igiyar ruwa da ake ce maka Damaskas ce a kuɗin katin waya, ko wadda ake haɗawa a saiti da buroshi da kwano da fata duka a farashi ɗaya. Ado ne kawai. Araha ba ta ado aka ce, to wannan ta yi adon amma ba ta aski.

Na biyar, in ta zo hannunka

Buɗe ta a wurin haske ka bi bakin da ido daga dunduniya zuwa hanci. Kada a ga giɓi ko tsaga, kada a ga tsatsa a kan bakin kansa, tabo a jiki ba komai amma a baki matsala ce don ƙarfen wurin ruɓaɓɓe ne zai riƙa ɓarewa. Bakin ya zama miƙaƙƙe ko mai ɗan tudu a tsakiya, in tsakiyar ce ta lotsa ciki ka mayar. Duba gadon bayan, in ya sha dutse har ya yi faɗi a gefe ɗaya fiye da ɗayan an wahalar da ita. Rufe ta a hankali ka ga ko bakin na shiga tsakiyar ƙota ba tare da ya daki gefe ba, sannan ƙusar da ta haɗa askar da ƙota kada ta yi sako-sako har askar ta riƙa faɗowa da kanta.

Gwajin kaifi kuma a gashin hannunka za ka yi, ka ɗaga ta kaɗan sama da fata ka tafi a hankali, mai kaifi za ta riƙa kama gashin tana tsinke shi a tsakiya. Kar ka gwada ta a takarda, kar ka gwada a farce, kar ka ba abokinka ya shafa babban yatsa a kai yana cewa kai wannan da kaifi, duk suna kashe baki. In ta hannu ce ka wanke da sabulu ka goge da sifirit ka bar ta ta bushe. Kuma aska ta mutum ɗaya ce, ko ɗan uwanka ciki ɗaya kar ku haɗa, ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi, abin da ya sa shaguna suka koma reza a yi a yar kenan.

Na shida, fata

Fata ba wasa aska take yi ba kamar dutse, ba ta cin ƙarfe. Bakin aska siriri ne ƙwarai, in ya bi ta kan gashi yana ɗan lanƙwashewa yadda ido ba zai gani ba, fata ce ke miƙar da shi ta goge shi. Shi ya sa kafin kowane aski sai an goga, dutse kuwa sai bayan watanni.

Gaskiyar da ba wanda ya gaya min: fatarka ta farko sai ka yanka ta. Ba wai ƙila ba, za ka yanka, kowa ya yanka tasa. Don haka kar ka sa kuɗi a fatar doki mai tsada, sayi ta saniya mai sauƙin kuɗi amma lafiyayya. Abin dubawa, fuskarta ta zama sumul ba tabo ba ƙuraje ba lanƙwasa, in ka shimfiɗa ta ta kwanta gefenta bai tashi kamar kwale-kwale ba, kuma fata ce ta gaske ba ledar nan mai fenti ba wadda in ka lanƙwasa take tsagewa. Faɗi, ana yin inci 2, da 2 da rabi, da 3. Bakin aska kusan inci 3 ne, to mai inci 3 tana ɗauke shi duka ka tafi ka dawo kawai, mai inci 2 kuwa dole ka riƙa jan askar a karkace don ko'ina ya samu, ƙarin abin koyo ne a kan wanda kake da shi. Tsawon wurin gogawa ya kai kamar kamu ɗaya.

Akwai ta ratayewa akwai wadda aka manna a katako. Ta katako ba ta lotsawa, kuskure ɗaya ya ragu, ga sauƙin sawa a jaka in za a yi tafiya. Ta ratayewa ta fi tsawo ta fi daɗin aiki in ka iya jan ta. Da yawa suna zuwa da ɗan uwa na yadi mai kauri, a fara da shi don ya share bakin kafin fata, yana da amfani amma in babu ba a fasa aski.

Nan fa mu muke da gata, don ƙasar fata muke. Ba sai ka yi oda daga waje ba, je wurin dukawa, a Kano ka shiga Kasuwar Kurmi, ka ce a yanko maka ƙirgi mai kauri daidai wanda aka jeme da bagaruwa, daga wajen gadon baya inda ya fi ƙarfi ba ya miƙewa, ba a shafa masa fenti ko abin ƙyalli ba. Ka bi da tafin hannu ka ji ko akwai tudu ko tabon ƙaya ko na kaska, shanunmu suna yawo a daji dole a samu, sai ka zaɓa da kyau. Baduku ya sa maka zobe a sama da mariƙi a ƙasa, ko ka kai wa kafinta ya manna a kan katako miƙaƙƙe. Fatar akuya ta Sakkwato duk da sunan da ta yi a duniya ba ta dace da ratayewa ba, ta yi laushi ta yi siriri tana miƙewa, sai dai a manna ta a katako. Bel ɗin wando kuma a'a, yawancinsu da ɗinki da zane da fenti.

Maganin nan kore da ake shafawa a fata don ƙara kaifi, kar ka shafa a fatarka ta kullum, in ya shiga ba ya fita kuma shi yana cin ƙarfe. In lokacinsa ya yi a samar masa wani katako daban.

Na bakwai, yadda ake gogawa

Fara koyo da wuƙar cin abinci mara kaifi kwana biyu ko uku, ba abin kunya ba ne. Rataya fatar a wuri mai ƙarfi daidai ƙugunka, ƙarfen taga ya fi mariƙin ƙofa don kar wani ya buɗe, ka ja ta ta miƙe amma ba kamar za ka tsinka ba. Kwantar da askar gaba ɗaya, gadon baya da baki duk suna taɓa fata. Ka tafi gadon baya ne a gaba baki na biye, kamar kana shafa man shanu a burodi. In ka kai ƙarshe ka mirgina ta a kan gadon bayanta da yatsu, ba a kan baki ba, kuma kar bakin ya sauka sai ka fara dawowa, nan ne kowa ke yanka fata. Kar ka danna, nauyin askar ya isa. Kar ka ɗaga bayan ko kaɗan, in ka ɗaga bakin zai naɗe, askar da aka wasa da kyau ta mutu a minti ɗaya. Je ka dawo ɗaya kenan, yi kamar 20 a yadi 40 zuwa 50 a fata. Saurin da kake gani a bidiyo rabu da shi, ba a ba da lada a kansa.

In mai sayarwa ya ce ya riga ya goga ta, askin farko kar ka goga, yi da ita a haka don ka san ɗanɗanon kaifi na gaske, gobe in ta canza ka san hannunka ne. In ka ɗan yanki fatar kuma ka manne da gam ko ka goge wurin da samfefa mai laushi, a ci gaba.

Ranar farko kumatu kawai za ka yi, daga saje zuwa muƙamuƙi, sauran ka ƙarasa da abin da ka saba. Jiƙa gashin da ruwan ɗumi sosai, kumfa mai santsi, ja fatar fuska da ɗaya hannun ta miƙe, askar a kwance kusan, tazarar bayanta da fuska kamar kaurin bayan sau biyu, gajeren ja, kuma ka bi yadda gashin ya kwanta. Mu masu murɗaɗɗen gashi kar mu yi gaba da gashi musamman a wuya, in ya yanke ƙasa da fata sai ya lanƙwasa ya koma ciki, ƙurajen kenan. Ajiye alimun kusa ko da an samu ɗan yanka. Kar ka yi yara na zagaye da kai, kar ka yi kana saurin masallaci, in kuma ta suɓuce ka ja ƙafa baya ka bar ta ta faɗi, kar ka cafe.

Da ka gama ka goge ta da tsumma busasshe daga baya zuwa baki, ka kula kar ruwa ya shiga wajen ƙusa, ka bar ta a buɗe ta sha iska inda yaro ba zai kai ba, ba a banɗaki ba. Da damina ko in za ta kwana biyu ba a taɓa ba ka shafa mata ɗigon man keken ɗinki. Fatar kuma kullum ka murza ta da tafin hannu har ta ɗan yi ɗumi, maiƙon hannunka ya ishe ta. Da hunturu in ka ga ta bushe tana neman tsagewa ka lakaci man kaɗe ɗan mitsitsi ka murje a hannu tukuna sannan ka shafa, ka bar ta ta kwana a rataye kafin ka ɗora aska a kai.